Na je tafkin Kliluk da kwalba a aljihu, na dawo da ita wayam

Ummi ce ta fara turo mini hoton ta WhatsApp, lokacin tana shekara ta biyu a jami'a a garin Kelowna na lardin Birtish Kolombiya a Kanada. ('Yar fari ce kuma sunan mahaifiyata gare ta, don haka Ummi nake ce mata.) Hoton wani tafki ne mai suna Kliluk da ya tsattsage ya zama ɗaruruwan ƙananan kududdufai masu zagaye, wani kore, wani ruwan ɗorawa, wani shuɗi-shuɗi, kamar an jera kwanonin rini a marinar Ƙofar Mata. Ta rubuta a ƙasa: "Baba, wannan naka ne." Ta san inda ta taɓo. Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyar da kemistiri a makarantun sakandare kafin na yi ritaya, kuma kakana na wajen uba bafatake ne, kanwa yake ɗaukowa a kan jakuna daga ƙasar Manga yana kawowa kasuwar Kurmi. Tun ina yaro na san bambancin jar kanwa da fara da ungurnu kafin in san sunan wani sinadari a aji. Ranar da na ga hoton nan na ƙudurta cewa in Allah Ya kai ni, sai na ɗebo ruwan tafkin na gwada shi da hannuna. Tun da na dawo mutum uku sun tambaye ni yadda ake zuwa, kuma dukansu da irin tunanin da na tafi da shi suke, shi ya sa na ga gara in rubuta yadda abin ya gudana daga farko.

Kuskurena na farko tun a Kano na yi shi. Wani abokina ya haɗa ni da wani ajan mai ofis a saman bene, ya ce shi ne gwanin bizar Kanada. Mutumin ya karɓi naira dubu ɗari uku a matsayin kafin alƙalami, ya riƙe fasfona sati biyar, kullum na kira sai ya ce "ana kan aiki, Alhaji." Daga ƙarshe na gano ko shafin neman bizar bai buɗe ba, kuma shawarar da ya ba ni ita ce in nemi wani ya zuba mini kuɗi masu yawa a asusuna na kwana biyu don takardar banki ta yi kauri. Da na faɗa wa Ummi sai ta ce, "Baba, don Allah karɓo fasfonka yau. Irin wannan kuɗin da ke faɗowa rana ɗaya shi ne abin da suke fara tambaya." Na karɓo fasfo, kuɗin kuwa rabi kawai ya dawo. Muka zauna ni da ita ta waya, dare uku, muka cike komai a shafin hukumar shige da fice ta Kanada da kanmu. Kuɗin bizar ziyara dalar Kanada 100 ne, na ɗaukar hoton yatsu da fuska kuma 85, kuma da kati ake biya ta intanet. Takardun da na ɗora su ne hoton shafukan fasfo, wasiƙar gayyata daga Ummi, takardar jami'arta mai nuna ranar bikin yaye ɗalibai, bayanin asusun banki na wata shida, takardun fanshona, takardar gidana, da fom ɗin da ake lissafa iyali kaf a ciki. Abin da suke son gani shi ne kana da abin riƙe kanka a can, kuma kana da abin da zai dawo da kai gida.

Bayan kwana biyu wasiƙar umarnin zuwa ɗaukar hoton yatsu ta shigo asusuna. A Kano ba a yi, sai Abuja ko Legas, kuma sai ka kama rana ta intanet kafin ka je. Na kwana a gidan ƙanena a Kubwa, na yi sammako, na tarar da layi ya riga ni. Aikin kansa bai kai minti goma ba: ka nuna wasiƙa da fasfo, ka ɗora yatsu a gilashi, a ɗauki hotonka, a ba ka 'yar takarda. An ce mini hoton yatsun yana aiki har shekara goma. Daga nan sai jira, kuma jiran nan shi ne mafi wuya, don babu wanda za ka je ka gaisar ya duba maka. Ni sati tara na yi ina buɗe shafin nan bayan kowace sallar asuba kamar wuridi. Ranar da wasiƙar neman fasfo ta zo, an ba ni kwana talatin in miƙa shi. Na sake komawa Abuja, bayan kwana goma sha biyu ya dawo da biza a manne. Sai a lokacin na sayi tikiti, kuma ina ba kowa shawarar ya yi haka. Babu jirgin da ke tashi kai tsaye daga Najeriya zuwa Kanada, dole ka ya da zango. Tikitin da ya fi araha ta Amurka ya bi, amma Amurka ko wucewa kawai za ka yi ta filin jirginsu sai da bizarsu, don haka na bi ta Turai zuwa Toronto, daga nan na canja jirgi zuwa Kelowna.

A Toronto na yi asarar kilishi. Hajiya ta naɗe wa 'yarta ƙulli biyu manya, da yaji da kuka da daddawa. A na'urar da ake cike bayanin kaya an tambaya ko ina ɗauke da abinci, na ce e. Jami'in ya buɗe jaka, ya shinshina daddawa ya yamutsa fuska ya mayar, ya bar mini kuka da yaji, kilishin kuwa ya ɗauke, ya ce nama daga ƙasarmu ba ya shiga. Ya ƙara da cewa tunda na faɗa da kaina babu tara, da ɓoyewa na yi aka gano da labarin ya sha bamban. Haka ma kuɗi, in sun kai dalar Kanada dubu goma sai ka bayyana. Ya tambaye ni wa na zo gani, yaushe zan koma, na nuna tikitin dawowa, ya ce a sauka lafiya. Galibi wata shida suke ba baƙo.

Bikin yaye ɗalibai a farkon Yuni aka yi, kuma ba shi ne labarin yau ba. Kwana huɗu bayansa na ce wa Ummi mu tafi tafki. A nan na fahimci cewa babu tasha, babu motar haya da za ta sauke ka a bakin wurin, sai ka zo da motarka. Muka je wani kamfanin ba da hayar mota. Lasina na Najeriya sun karɓa, tunda da Turanci aka rubuta shi, kuma lardin yana barin baƙo ya yi tuƙi da lasin ƙasarsa har wata shida. Inda aka tsaya shi ne kati. Na miƙa katin cirar kuɗina na dala, yarinyar ta ce sai katin bashi mai ɗauke da sunan direba, don a kansa suke riƙe kuɗin jingina. Na ce ga kuɗi a hannu, ta ce ba sa karɓa. Muka fi awa muna kai da kawo, ƙarshe aka rubuta motar da sunan Ummi da katinta, aka ƙara mana kuɗi don shekarunta ba su kai 25 ba, aka kuma ƙara wani don a sa ni direba na biyu. Ga inshora, ga haraji, don a lardin nan farashin da ka gani a rubuce ba shi za ka biya ba, akwai kashi 5 na tarayya da kashi 7 na lardi da ake ɗorawa a kan yawancin kaya. Kuɗin da na lissafa a gida sai da ya kusa ninkawa.

Daga Kelowna zuwa garin Osoyoos, wanda tafkin yake kusa da shi, kilomita ɗari da ashirin da 'yan kai ne, tafiyar kusan awa biyu a kan babbar hanya mai lamba 97. Hanya ce mai daɗin kallo, tana bin gefen tafkin Okanagan ta Peachland da Summerland da Penticton, sannan ta gangara Oliver, inda gonakin inabi da na 'ya'yan itace suka cika kwari, da rumfunan masu sayar da kayan lambu a bakin titi, da yawansu 'yan asalin Punjab ne masu rawani. Kana ƙara yin kudu ƙasa na ƙara bushewa, itatuwa suna janyewa, tsaunuka suna zama ruwan ƙasa da gajerun ciyayi masu toka-toka. Na ce wa Ummi wannan ai kamar an ɗauko bayan Zinder an kawo Kanada. Ruwan saman da Osoyoos ke samu a shekara bai kai rabin na Kano ba. A cikin garin ne hanya ta 97 ta gamu da hanya ta 3, kuma nan ya kamata mu juya yamma. Ni ke tuƙi, ina ta surutu a kan kanwa, na zarce. Ban farga ba sai da wayar Ummi ta yi ƙara da saƙon maraba da zuwa Amurka, muka ɗaga kai muka hango ginin kan iyaka a gabanmu. Iyakar jihar Washington 'yan kilomitoci ce kawai daga tsakiyar gari. Allah Ya sa akwai wurin juyawa kafin layin motoci, da na tsinci kaina ina yi wa jami'an Amurka bayanin abin da ya kawo Bakano marar biza ƙofarsu.

Daga mahaɗar nan zuwa tafkin bai wuce kilomita goma ba, hawa ne zuwa mashigin tsaunin Richter. Mun wuce shi karo na farko ba mu gan shi ba, don babu wani katafaren allo, babu shago, babu mai yankar tikiti, babu ban ɗaki. Wani ɗan fili ne na tsakuwa a gefen titi wanda bai fi ɗaukar motoci kaɗan ba, kuma ga mai zuwa daga Osoyoos yana ɗaya hannun ne, manyan motoci kuma suna gangarowa da gudu. Muka je gaba muka juyo, muka faka. Na fito da saurina na leƙa. Tafki ne ɗan ƙarami a cikin kwari, tsawonsa bai kai kilomita ɗaya ba, faɗinsa kamar rubu'in kilomita, kuma a cike yake da ruwa. Ruwa kawai, mai kalar toka da ɗan kore. In ka ƙura ido za ka ga inuwar zagaye-zagaye a ƙarƙashi kamar zanen da aka goge, sai farin gishiri siriri a gefe. Na duba hoton wayata, na duba tafkin, na sake duba hoton. Wallahi raina ya ɓaci. Malamin kemistiri guda, wanda ya yi shekaru yana koya wa yara cewa sai ruwa ya ƙafe gishiri yake fitowa, bai tsaya ya tambayi wane wata aka ɗauki hoton ba. Dusar ƙanƙarar da ta narke a watannin baya ce ta cika shi, rana kuma ba ta fara aikinta sosai ba.

Abu na biyu da ban shirya masa ba shi ne shinge. Waya ce ta kewaye wurin, da ƙofar ƙarfe a kulle, da allo mai bayanin cewa tafkin magani ne na mutanen Syilx na Okanagan, 'yan asalin yankin tun kafin zuwan Turawa, wuri ne mai alfarma a gare su, ba a shiga. Kwalbar tana aljihun rigata, irin 'yar ƙaramar nan ta gilashi mai murfin roba, na wanke ta tun a Kano na naɗe da auduga. Wayar kuma gaskiya ba ta da tsawo, ko ni mai ciwon gwiwa zan iya ɗaga ƙafa. Ummi ta ga inda idona yake. Ta ce, "Baba, kar ka yi." Na ce, "Cokali biyu zan ɗeba, wa zai sani? Don ilimi ne." Ta ce, "Baba, da wani Bature zai zo Daura ya ga rijiyar Kusugu a rufe, ya haura katanga don ilimi, me za ka ce?" Ban ba ta amsa ba. Na koma mota ina ƙunƙuni, amma na koma.

Ita ce ta ce tunda mun riga mun zo, mu je cibiyar al'adu ta Nk'Mip da ke gabashin garin, wadda ƙabilar Osoyoos, ɗaya daga rassan Syilx, ta mallaka kuma take gudanarwa. Da na san haka, da can muka fara zuwa. Tun daga waje ginin ya kama ni: doguwar katanga ce ta ƙasa da aka dandaƙa hawa-hawa, tsawonta mita 80, launinta ya saje da tsaunin bayanta, ta tuna mini da ganuwa. A 2006 aka buɗe shi. Ana biyan kuɗin shiga, ba mai yawa ba. A ciki akwai zane-zanen da yaran makarantar Inkameep suka yi a shekarun 1930 da farkon 1940, a waje kuma hanyar ƙafa ce cikin ciyayin hamada, da samfurin ɗakin hunturu na kakanninsu wanda ake haƙa rami a rufa shi da itace da ƙasa. Akwai macizai masu caki a wutsiya a yankin, cibiyar ma tana aikin bincike a kansu, don haka ba a kauce wa hanya. Wani saurayi ɗan ƙabilar ne ya zagaya da mu. Da muka keɓe na gaya masa gaskiya, har kwalbar na nuna masa. Bai ji haushi ba, dariya ya yi. Ya ce in ina son wuce shingen, sai da izinin masu wurin, kuma ba abu ne da ake bai wa duk wanda ya tsaya da mota ba. Ya gyara mini furucin sunan sau uku, ban iya ba. Kliluk ake rubutawa don sauƙi, amma a harshensu na nsyilxcən akwai sautukan da ko mu masu ƙ da ts sai mun sha wuya. Turawa kuwa Spotted Lake suke ce masa.

Abin da na ji a can da wanda na bi na karanta daga baya shi ya sauya mini kallon shingen. Tun kafin zuwan Turawa mutanen Syilx suke zuwa tafkin neman waraka da addu'a, suna amfani da ruwansa da taɓonsa ga miki da ciwon jiki da cutar fata. Suna cewa zagayen 365 ne, kowace rana ta shekara da nata, kuma kowanne da irin maganinsa. Ana ba da labarin cewa ko a lokacin yaƙi akan tsagaita don kowane ɓangare ya kai masu rauninsa can. Sai ƙasar ta fita hannunsu. Yarjejeniyar 1846 tsakanin Ingila da Amurka ta ja layi ta raba su biyu, wasu a Kanada wasu a Washington, kamar yadda aka raba Katsina da Maraɗi. Lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya aka kawo lebura 'yan Sin suna kwashe gishirin tafkin ana kai shi masana'antun harsashi a gabashin Kanada. Wurin da ake zuwa jinyar rauni, shi aka mayar ma'adinar kayan kisa. Bayan haka ya shiga hannun iyalin wani Bature mai suna Ernest Smith na kusan shekara arba'in. A 1979 ya so ya mayar da shi wurin wanka da shaƙatawa na kuɗi, dattawan Syilx suka tashi tsaye suka ƙi. Aka yi ta ja-in-ja sama da shekara ashirin, sai a Oktoban 2001 aka sayi fili mai faɗin hekta 22 a kan dalar Kanada 720,000, su suka biya kusan kashi ɗaya cikin biyar, gwamnatin tarayya ta cika sauran. Wato sai da suka sa kuɗi suka sayi abin da yake nasu tun kaka da kakanni. Waɗannan mutanen ne kuma aka riƙa kwashe wa 'ya'ya ana kai su makarantun kwana, irin ta Kamloops, inda ake hukunta yaro in ya yi magana da harshen uwarsa. Yau masu jin harshen sosai 'yan tsiraru ne, yawanci tsofaffi, ko da yake jami'ar su Ummi ta buɗe digiri na musamman a kansa a 2021.

Da na ba wani abokina labari ta waya, cewa ya yi, "Malam, ai wurin tsafi ka je, me ya dame ka da dokarsu?" Na ce masa ni Musulmi ne, ban yarda ruwa ko dutse yana da ikon kansa ba, kuma babu wanda ya nemi in yarda. Saurayin nan bai ce in yi wa tafki sujada ba, cewa ya yi kar in shiga. Mu ma mun san hurumi. Mun san filin da ba a nomawa, da maƙabartar da ba a ratsawa da takalmi ana hira, da gonar mutum da ba ka tsinkar ko kuɓewa ɗaya sai ka yi sallama. Ko da za a cire maganar alfarma gaba ɗaya, fili ne mai masu shi, da takarda. Sannan a matsayina na wanda ya san gishiri, na san ɓawon da ke tsakanin kududdufan nan ba ƙasa mai ƙarfi ba ce, taɓo ne da gishiri ya daskare a kansa. Sawun mutum ɗaya zai daɗe bai goge ba, balle na duk masu tsayawa da mota a kowace rana.

Tikitina na ƙarshen Agusta ne, don haka na samu dama ta biyu. Wata biyu na zauna a Kelowna ina taya Ummi haɗa kaya, ina zuwa masallacin garin ranar Juma'a, ina fama da lokutan sallah, don a Yuni sai wajen ƙarfe tara na dare rana take faɗuwa, asuba kuma tun wajen uku. Mun sa rana a farkon Agusta, muka fasa saboda hayaƙin gobarar daji ya rufe kwarin, rana ta koma ja kamar a tsakiyar hunturunmu mai ƙura. Wannan ba abin wasa ba ne a yankin. A ƙarshen Yulin 2023 wuta ta tsallako daga Washington har aka kwashe mutane daga wasu unguwannin Osoyoos, a Agustan shekarar kuma wata ta ci gidaje a West Kelowna har gwamnatin lardi ta hana baƙi zuwa kama ɗakin kwana a garuruwan kwarin na 'yan kwanaki. Sai da iska ta share sama, bayan kwana goma, muka tashi tun ƙarfe shida na safe, da ruwan sha da yawa, da hula, da madubin hangen nesa da Ummi ta aro.

Wannan karon tun kafin in kashe mota na gan shi. Ruwan ya janye, tafkin ya zama fari fat kamar an shimfiɗa alawayyo, kuma a cikin farin nan ga zagaye-zagaye ɗaruruwa, wasu kamar faifai, wasu sun kai faɗin tsakar gida, wasu biyu sun haɗe kamar gyaɗa. Da madubin na zaɓi guda ɗaya na tsaya a kansa. Tsakiyarsa kore ne mai duhu, yana zuwa gefe yana komawa ruwan zuma, sannan wani siririn zobe mai ruwan toka, sannan farin ɓawo mai ƙyalli da ya ɗan tattare kamar bakin kaskon da aka dafa kunun kanwa ya bushe. Na kusa da shi kuwa shuɗi ne mai haske, na gaba kuma kamar madara. Da gajimare ya gifta sai duk launukan suka canja, da ya wuce suka dawo. Babu ƙara sai ta manyan motoci a bayanmu da ƙugin fara a cikin ciyawa. Yadda abin yake faruwa ba ɓoyayye ba ne. Tafkin ba shi da mafita, ruwan sama da na ƙanƙara da na ƙarƙashin ƙasa suna wanko sinadarai daga duwatsun kewaye su tara a kwarin, rana ta ɗauke ruwan ta bar gishirin, shekara bayan shekara. Haka kanwar kakana take samuwa a tafkunan Manga da gefen tafkin Chadi, sai dai kanwa dangin sodiyam kabonet ce, wannan kuwa mafi yawansa magnisiyam salfet ne, tare da salfet na sodiyam da na kalsiyam. Launin kowane kududdufi ya danganta da haɗin gishirinsa, da zurfinsa, da ƙananan halittun da suke iya rayuwa a ruwa mai ɗaci haka. Saboda halittun nan ne masu binciken duniyar Mars suke nazarin tafkin, don can ma an gano irin wannan gishirin. Mun fi awa ɗaya a jingine da shinge. Muna nan wata mota ta tsaya, wani mutum da kyamara ya fito ya ɗora ƙafa a kan waya. Kafin kowa ya yi magana sai na ji bakina yana ce masa ba a shiga. Ummi ta juya baya tana dariya har da hawaye.

Ga wanda zai je, wata shi ne komai. Daga tsakiyar Yuli zuwa Satumba ne ruwa yake ƙafewa, kuma a cikin waɗannan watannin ne ake gobarar daji, don haka kar ka ba tafiyar rana ɗaya tak, ka bar wa kanka sarari ka duba labarin wuta da na hanya kafin ka fita. Ka fara da cibiyar al'adu kafin tafkin, ba kamar yadda na yi ba, don wanda ya ji tarihin wurin ba zai tsaya yana auna tsawon waya ba. Ka sani kallo ne daga bakin titi, babu wanka, babu ɗibar taɓo, babu kuɗin shiga, kuma minti talatin ya ishi yawancin mutane, saboda haka ban ga hikimar mutum ya taso daga Najeriya don shi kaɗai ba, sai dai in wata hidima ta kai shi lardin. Mai zuwa daga Vancouver tafiyar kusan kilomita 400 ce ta Hope da Princeton da Keremeos, kuma shi zai riski tafkin kafin ya shiga Osoyoos, a hannunsa na dama. Madubin hangen nesa ya fi kyamarar waya amfani nesa ba kusa ba. Ka yi alwala ka kama ruwa tun a gari, ka kashe yawon layin wayarka don kar kamfanin Amurka ya caje ka, ka tanadi katin bashi kafin ka je neman mota. Abincin halal a Osoyoos sai an nema, mu guzuri muka yi, muka ƙara da 'ya'yan itacen rumfunan Oliver. Bizar kuma ka cike da kanka ko da ɗanka.

Kwana biyu kafin in taso na shiga wani kantin magani a Kelowna na sayi ƙullin gishirin Epsom, wanda suke jiƙa ƙafa da shi in ta yi tsami. Shi ne dai magnisiyam salfet ɗin. Da hunturu ya kama a Kano na narka shi a ruwan zafi har ya ƙi narkewa, na cika kwalbar nan, na zuba a faranti mai baƙin ciki na ajiye a kan katanga don yaran da nake yi wa darasin jarrabawar WAEC a zaure. Kwana biyu ruwan ya ƙafe, gishirin ya fito sirara-sirara kamar allurai. Wani yaro ya lakata ya ɗanɗana kafin in hana shi, ya tofar, ya ce, "Malam, wannan ai ya fi maɗaci."